Bandar da Na Kai Ingila

Mutumin farko da ya cuce ni a Ingila direban tasi ne, kuma shi na daɗe da yafe masa, domin bai taɓa dafa kafaɗata ya kira ni ɗansa ba. Daga tashar jirgin ƙasa ya ɗauke ni, ya yi ta zagaya gari da ni, muka wuce wani coci mai agogo har sau uku, ni kuwa ina bayan mota ina ta yi masa sannu da aiki. Sai washegari na gano masaukin nawa a bayan tashar yake. Tafiyar ƙafa ce wadda ba ta kai daga gidanmu zuwa kasuwar kifi ta Haɗeja ba.

Kafin shi ma an riga an taɓa ni a filin jirgi. Innata, wadda banda ce sana'arta a Guri tun kafin a haife ni, ta ƙunso min tarwaɗa busassa a takardar siminti, wai in riƙa jefawa a miya kada in rame. Ma'aikacin kwastan ya kwance ƙunshin, ya ja da baya, ya toshe hanci. Ya ɗaga kifin da yatsu biyu kamar ya tsinto mushen ɓera, ya nuna wa abokin aikinsa, suka tuntsure da dariya, sannan ya jefa a kwandon shara. Doka ce, na sani. Amma dokar ba ta ce a yi dariya ba. Tun daga ranar na kama bakina, ban sake yi wa wani Bature zancen kifi ba.

Ƙarshen shekarun tamanin ne. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Haɗeja, aka ba ni gurbin ƙaro karatu a wata jami'a a arewacin Ingila, a kan sha'anin batir. Na zaɓi fannin ne da gangan. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san yadda rana ke dukanmu a banza, sannan magariba ta yi a rasa wutar da za a kunna firjin magani a asibitin ƙauye. Burina in koyo yadda ake tara wuta a ajiye, in dawo da sunana a kan wani aiki da zan ɗaga in nuna.

Matar da ta ba ni hayar ɗaki ba ta ɓoye ƙyamarta ba. Kofina daban, cokalina daban. In na yi alwala sai ta biyo bayana da tsumma tana gunaguni, in na kunna abin ɗumama ɗaki sai ta hau bene ta kashe, wai ai matashi ne ni, jinina da zafi. Jini da zafi a ina? Sanyin garin har cikin haƙori nake jin sa. Da kwat nake kwana, da safa biyu, in tashi yatsuna sun ƙage.

Wata Asabar a kasuwa mai sayar da kayan miya ya tsallake ni ya sallami mutum uku da suka zo bayana. Na yi tsaki, na ce a fili, “Allah ya isa.”

Sai na ji an ce daga bayana, “Wa ya taɓa ka, ɗan'uwa?”

Na waiwaya, sai ga wata mata baƙa cikin rigar nas, da jaka a hannu. Ta tambaye ni daga ina, na ce Haɗeja. Ta ajiye jakar a ƙasa.

“Kada ka yi min wasa. Wace unguwa?”

Sunanta Rifkatu. Asalinsu kudancin Kaduna, amma babanta ya yi koyarwa a Haɗeja shekara da shekaru, a can ta yi wayo, har iyo ta koya a kogin. Ranar a gidanta na ci tuwo, na garin samobita ne da miyar kuka, amma wallahi sai da na juya baya na share ido. Daga nan ta zama Yaya Rifkatu, ni kuma Habu ƙaninta, kowace Lahadi in ta dawo daga coci tukunyata tana kan wuta.

Shugaban ɗakin bincikenmu wani farfesa ne dogo mai furfura, kullum lofe a bakinsa, don haka a raina Mai Lofe nake kiran sa. Mutum ne mai fara'a, shi ya sa na saki jiki. Batirin da muke aiki a kansa ba irin na mota ba ne. Tankuna biyu ne cike da ruwan asid da aka narkar da wani ƙarfe mai suna banadiyam a ciki. Famfo yana tura ruwan ya ratsa wani akwati ya koma tanki, yana ɗaukar caji yana sauya launi, wannan daga shuɗi zuwa rawaya, wancan daga kore zuwa shunayya. A cikin akwatin akwai wani baƙin abu mai laushi da aka yi da zaren gawayi, mu ce masa bargo. A jikin zaren nan wuta ke shiga ruwan, a nan take fita. In bargon bai yi kyau ba, ko tankin ya kai rumbu girma, aikin banza ne.

To bargon namu ba ya shan ruwa. In ka ɗiga masa sai ɗigon ya tsaya a kai yana sheƙi kamar a ganyen bado. Muddin wuta kaɗan ake ja, batirin yana tafiya, amma da an nemi wuta mai ƙarfi sai allurar mita ta zube ƙasa. Mai Lofe ya ji cewa masu bincike a wasu wurare suna gasa bargon kafin su saka, sai ya ce mu ma mu gasa. Umarninsa shi ne in cika wa tanderu wuta, in jefa bargon, in rufe ƙofa gam, in dawo in cire. Haka na yi ta yi wata da watanni. Kullum abin da ke fitowa ɗaya ne: gefe ya ƙone yana marmashewa a hannu, tsakiya kuma tana nan yadda take.

Wata safiya ina riƙe da wani da ya lalace, sai na ji muryar Inna a kunnena tana yi wa matan yayyena faɗa a bakin murhun banda: “Waje ya ƙone, ciki ɗanye. Gaggawar me kuke yi?” Ita ba ta yarda da harshen wuta. Wuta ƙasa-ƙasa take so, da itace mai danshi, ta ɗaga gefen tabarmar da ta rufa don iska ta shiga, kuma ba ta barin wurin. Ta juya, ta jira, ta sake juyawa.

Ban gaya wa kowa ba. Na rage wutar tanderun, na sa gutsuren bulo na tokare ƙofar, na ajiye ƙaramin kofi da ruwa a ciki. Na jawo kujera na zauna da awartaki, ina juya bargon tun safe har la'asar, washegari ma haka. Tom, tsohon da ke kula da kayan aikin ɗakin, ya kawo min shayi ya tsaya yana kallo. Shi kaɗai ne a ginin nan yake tambayar ko na ci abinci.

“Yaro, wa ya koya maka wannan?”

Na ce, “Tunani ne kawai ya zo min.”

Da bargon ya huce na ɗiga masa ruwa, ɗigon ya ɓace nan take kamar a yashi. Na yanka tsakiyar na ɗiga, haka. Muka ɗaura shi ni da Tom, muka kunna famfo, muka ja wuta mai ƙarfi, allura ta tsaya cak. Muka ƙara, ta ɗan rusuna ta tsaya. Tom ya fita da sauri ya kira Mai Lofe. Ya zo ya daɗe yana kallon mitar, ya sa na maimaita sau uku da sabon bargo, sannan ya dafa kafaɗata ya ce, “Ɗana, ka yi abin kirki.” Ni kuwa sakarai har da jin ƙwalla, domin mahaifina ya rasu ina ƙarami.

Bayan 'yan watanni wasu mutane uku suka zo daga wani kamfani don ganin batirin. Aka share ɗaki, aka sa ni na ɗaura lakataya. Mai Lofe ya yi bayani, sakatariyarsa tana gefe tana rubuta duk abin da aka faɗa. Can sai babbansu ya juyo gare ni ya ce, “An ce kai ke gasa bargon. Dabarar ta wace ce?”

Ku da kuka tashi inda na tashi kun san amsar da na bayar. Na sunkuyar da kai na ce, “Duk aikin Farfesa ne. Ni hannu ne kawai, abin da ya koya min nake yi.”

Haka aka rene mu. A wurinmu in baƙo ya yaba ginin da ka yi a gaban maigidanka, ba ka buɗe baki ka ce ni na yi. Sai ka miƙa wa babba yabon, shi kuma ya san nauyin da ke kansa, ya yi murmushi ya ce, “A'a, rabu da shi, kunya ce, shi ya yi abinsa.” Kowa ya tashi da mutuncinsa. Na miƙa, na tsaya ina jira a maido min. Mai Lofe ya zare lofen daga baki ya ce, “Na gode, Abu,” ya ja baƙinsa suka tafi cin abinci.

Ran Lahadi na ba Yaya Rifkatu labari ina dariya, don ni a zatona komai ya tafi daidai. Ta ajiye muciya ta zuba min ido.

“Da bakinka ka faɗa? A gaban mutane?”

“To Yaya, me zan ce? In ce ni ne, yana tsaye?”

“Ƙwarai kuwa, da babbar murya. Habu, nan ba Haɗeja ba ce. Nan in kana cin abinci ka yi wa mutum bismilla don kara, zama zai yi ya cinye, ya tafi da kwanon. An rubuta abin da ka ce?”

Na ce an rubuta. Ta cika min kwano fiye da kullum.

Tom ne ya nuna min takardar. Wata rana ya kira ni ɗakin kayan aiki ya rufe ƙofa, ya ce an ba shi ya zana hoton tanderun don a haɗa da takardar neman rajistar mallakar dabarar. Ga bulona a zane, ga kofin ruwana. A sama sunaye biyu ne: na Mai Lofe, da na wani matashin dakta ɗan gaban goshinsa, wanda ko awartakin bai taɓa riƙewa ba, in ya shigo ma toshe hanci yake yi wai zafi. Na karanta daga farko har ƙarshe, na juya bayan takardar. Babu ni.

Ban ƙwanƙwasa ƙofar ofishinsa ba. Na ajiye takardar a gabansa na ce ina sunana.

Ko gezau bai yi ba. Ya ce in zauna, na ƙi. Ya ce, “Abu, ana rubuta sunan wanda ya ƙirƙiri dabara ne, ba wanda ya aiwatar ba. Kai da kanka ka faɗa a gaban shaidu cewa abin da na koya maka kake yi.”

“Ladabi ne na yi maka. Kai ma ka san ba ka koya min ba. Cewa ka yi in rufe ƙofa gam.”

“Ni ban san ladabin da ake faɗin abin da ba haka yake ba,” in ji shi. “In ƙarya ka yi a ranar, wannan matsalarka ce.”

Kun ji fa. Ya kwashe min aiki, sannan ni ne maƙaryacin. Ban taɓa jin sha'awar marin dattijo ba sai ranar, kuma abin da ya hana ni shi ne dai tarbiyyar da ta jefa ni a ramin.

Yaya Rifkatu ta zaunar da ni muka rubuta ƙorafi, ta gyara min Turancin, ta goge min kwat da kanta. Jami'a ta kafa kwamiti na mutum uku. Ranar zaman suka jeru a bayan dogon tebur, Mai Lofe a gefe ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Aka karanto maganata daga rubutun sakatariya, kalma bayan kalma, ba ƙari ba ragi. Na yi ƙoƙarin bayyana musu yadda ake yi a wurinmu, suna gyaɗa kai irin na mai sauraron yaro. Aka kira Tom, ya ce shi dai ya ga yaron nan zaune kwana biyu yana juya bargo, kuma bai ji wani ya umarce shi ba. Aka tambaye shi ko ya san abin da aka tattauna a ofishin Farfesa kafin nan. Ya ce bai sani ba. Tsoho ne, saura masa shekara guda ya yi ritaya, ya yi iyakar abin da zai iya.

Sai shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai tabarau, ta cire tabaran ta dube ni. Har ga Allah ina jin matar nan so take ta taimake ni.

“Malam Abubakar, in dabarar taka ce, daga wani wuri ta zo maka. Tururin ruwa, buɗe ƙofa, juyawa. A ina ka samo su?”

Amsar tana kan harshena. Murhun banda a Guri, tabarma a ɗage, tsohuwa da zani ɗaya tana juya tarwaɗa. Na dubi fuskokin nan uku, na dubi Mai Lofe yana wasa da lofensa, sai na hango kifin nan a tsakanin yatsu biyu, na ji dariyar tun ba a yi ta ba.

Na ce, “A karatu na samo, da tunani.”

“Wane littafi?”

Na sunkuyar da kai. Mai Lofe ya gyara zama, cikin natsuwa ya lissafo littattafai uku a kan yadda tururi ke buɗe ƙofofin gawayi, ya ce duk ya taɓa ambata min su. Bai taɓa ba. Amma shi yana da inda zai nuna, ni kuwa na nuna iska. Ba a yi rabin sa'a ba aka sallame mu.

A bakin ƙofa Tom ya kama hannuna ya ce, “Yaro, na san akwai abin da ka haɗiye a can ciki. Me ya sa?” Na zare hannuna na wuce.

Sauran zamana a ƙasar ba shi da daɗin faɗi. Aka hana ni saka dabarar a kundin digirina, wai sirrin kamfani ce yanzu. Aka mayar da ni wani lungu ina gwada siririyar fatar roba da ke raba ruwan tankunan biyu a cikin akwatin, a kanta na rubuta abin da na rubuta aka ba ni takardata. Kullum ina wucewa ta gaban tanderun, ina ganin ɗan gaban goshin nan zaune a kujerata yana juya bargo da safar hannu, yana duba agogo. Mai Lofe kuwa bai daina yi min murmushi a matakala ba, har tambayata yake ya sanyi. Ranar da zan taho ya aiko min da kati. A tashar jirgi na yaga shi, Yaya Rifkatu tana cewa in bari, ni kuwa ina ƙara yagawa.

Na tafi ina ɗan jihar Kano, na dawo na tarar mun zama Jigawa. Kwana biyu na yi a Haɗeja na hau motar Guri. Ruwa bai malala ba sosai a shekarar, fadamun da na sani da ambaliya duk sun tsattsage, masunta suna ta kukan an datse kogi daga sama. Na sami Inna a bayan gida a bakin murhunta, kifin bai kai rabin na da ba. Ta tsufa, idonta ya yi ja saboda hayaƙi.

Bayan an gama gaishe-gaishe, jama'a sun watse, na zauna a kan turmi na kwashe labari na ba ta. Ina yi ina huci, ina tsine wa Mai Lofe. Ita kuwa ba ta damu da shi ba, aikin take bi.

“Wutar ƙasa-ƙasa ka yi?”

“Ƙasa-ƙasa, Inna.”

“Da me ka ba shi danshi, tunda ka ce ba itace?”

“Ruwa na sa a kofi.”

Ta yi dariya har da tafa hannu. “Kai, ɗan nan. Ka juya dai?”

“Kwana biyu ina juyawa.”

“Ya yi kyau har ciki?”

“Har ciki. Turawa har daga wani gari suka zo kallo. Shi ne mutumin nan ya ce tasa ce, ya cire sunana, ko a gefen takarda bai sa ni ba.”

Ta ɗaga gefen tabarma, ta sa hannu ta juya kifi ɗaya, ta juya na biyu. Fuskarta cike da jin daɗi ta ce, “To da suka tambaye ka, ka ce musu bandar wa ce?”

Hayaƙi ya taso tsakaninmu. Na so in yi mata ƙarya, na kasa.

“Na ce a littafi na gani.”

Hannunta ya tsaya a kan kifin. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ko dube ni ba. Ta maido tabarmar ta rufe, ta goge hannu a zani.

“Ashe kai ma ka iya irin ta Baturen,” in ji ta. “Tashi ka ci abinci.”

Har gobe ban yafe wa Mai Lofe ba, kuma ba na jin zan yafe. Abin da ya yi sata ce, ko da wane Turanci aka naɗe ta. Amma shi bai san daga hannun wa ya ɗauka ba, ni na sani. Inna ta rasu bayan shekara huɗu, ba ta sake tayar da zancen ba ko sau ɗaya, ni ma ban sami bakin tayarwa ba.

A wurinmu ɗa ba ya kiran sunan mahaifiyarsa gatsau, kuma ban taɓa yi ba tun da na iya magana. Allah ya yafe min, yau zan yi. Dabarar gasa bargon gawayi da wuta ƙasa-ƙasa, da danshi, da juyawa, wadda ta sa batirin nan ya riƙe wuta mai ƙarfi, ta Falmata ce, mai banda, ta Guri.